Labarin da Ya Cakuɗe wa Yaya

Yayana mai wanki da guga ne, kuma tun da ya buɗe shago bai taɓa rubuta sunan kowa a jikin riga ba. Sauran masu wanki suna da wani biro da ruwa ba ya wanke shi, su juya wuyan riga su sa alama. Shi ko oho. Ka kawo masa kaya a leda, ya zazzage su a kan tebur, ya ɗaga kowanne ya duba, ya ɗago ya dube ka, shi ke nan an gama. Ko fararen riguna ne iri ɗaya jere a kanta, in ka dawo hannunsa kan taka zai sauka. In ka yi gardama ya nuna maka inda agogonka ya cinye bakin hannun rigar, ko maɓallin da matarka ta ɗinka da zaren da ba kalarsa ba. Sai ka karɓi kayanka ka kama gabanka.

Kantina yana tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Ina sayar da sabulu, sitaci, ashana, zare da allura, da tarkace irin na gida. Har biron nan ina sayarwa, kuma shekara da shekaru ina tallata masa. Kullum amsarsa ɗaya ce.

"Auta, ajiye wa masu ƙaramin kai."

Ni ce auta a gidanmu. Ga ni da jikoki, ga furfura, amma a bakin Yaya har gobe Auta ce. Ni kuma bakina ba ya shiru, kowa a layinmu ya sani, don haka sai in ce masa Allah ya kai mu ranar da zai ba wani ƙato siket ɗin matar mutane. Ya yi dariya, in yi dariya. Da na san abin da nake faɗa da na kama bakina.

Ba a banza Yaya yake ji da kansa ba. Babanmu direban babbar mota ne, kuma in ya dawo daga tafiya sai ya zaunar da mu ya ba mu labarin hanya daki-daki, daga inda aka yi lodi har inda aka sauke, babu abin da zai tsallake. Wata rana yana cikin ba mu labari sai ya fara da sauke kaya, ya koma faɗawar mota a rami, ya dawo lodi, sannan ya ce wani abokinsa ne ya taya shi canza taya. Abokin nan kuwa ya daɗe da rasuwa. Mu yara muka kwashe da dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce a hankali, "Malam, ka cakuɗa."

Daga ranar kalmar nan ta bar gidanmu. Ko gari za a haɗa da ruwa sai dai mu ce juya, ko dama, ko haɗa. Babu wanda ya hana mu faɗa, bakinmu ne ya ƙi.

Ciwon Baba ya ci gaba a hankali, kuma Yaya ne ya ajiye makaranta ya zauna da shi. Shi ke yi masa wanka, shi ke wanke abin da ya ɓata, shi ke goge masa kaya, don Baba ko lokacin da ya manta sunayenmu bai manta cewa ba ya sa riga sai da karin guga ba. A jikin kayan Baba Yaya ya koyi sana'arsa. Akwai ranar da aka bar ƙofa a buɗe, Baba ya sa gogaggiyar rigarsa ya fita. Mun nema a asibiti, mun nema wurin 'yan sanda, mun bi layi-layi muna tambaya har muryar Inna ta dushe. Daga baya aka same shi a wata tasha can ƙarshen gari, zaune a benci tsaf da shi, wai yana jiran motarsa. Mutanen wurin sun yi ta tambayarsa daga ina yake, wa zai kira, sai ya yi musu murmushi. Babu abu ɗaya a jikinsa da zai nuna yana da gida da 'ya'ya.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya wa Yaya a rai ba. Wani lokaci hankalin Baba yakan dawo na ɗan lokaci, ya kama hannun wanda ke kusa ya ce, "Wai me ke damuna ne?" Mu kuma mu ce, "Babu komai Baba, gajiya ce." Sai ya yi ta kallonmu. Bayan rasuwarsa Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Auta, ke ce ba kya iya ɓoye magana. Ranar da kika ga na fara, ki faɗa min. Kada ki yi min gajiya ce." Na ce ya daina yi wa kansa mugun fata. Ya ƙi sakin hannuna sai da na ce na yi alkawari.

Shekaru suka wuce, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya, ta yi karatu ta sami aikin ofis a wani gari. Da matarsa ta rasu shagon ya yi shiru, ba ka jin komai sai hucin dutsen guga. 'Yar tasa ta zo hutu ta ga yadda uban ya koma, sai ta karɓi wayarsa ta cika ta da littattafan da ake karantawa da murya, ta saya masa iyafis, abin saurare na sawa a kunne. Da fari ya ce shi ba yaro ba ne da za a zauna ana yi masa tatsuniya. Ta ce ya gwada ɗaya kawai. Wallahi kafin ta koma bakin aikinta sai an taɓa kafaɗarsa yake sanin an shigo shago.

Saboda tururi da jiƙaƙƙen hannu, sai ya ɗaure wayar a leda ya jefa a aljihun gaba, igiyar iyafis ta fito ta wuyan riga. Da safe ya danna ta cikin ledar, da yamma ya danna, bai taɓa damuwa ya kalli fuskar wayar ba. Mutanen layi suka sa masa Malam Kunne, ya amsa abinsa. Duk littattafan mutum ɗaya ne ya karanta su, wani mai kakkaurar murya da ba ya gaggawa, Yaya yana ce masa Mutumina. "Yau Mutumina ya kai ni teku." "Yau Mutumina ya ce in rage gishiri." Kai ka ce tare suka tashi.

Babu abin da bai saurara ba. Akwai na tarihi, akwai na kiwon lafiya, akwai wani na tattalin kuɗi wanda ya kusa raba mu zumunci, don da ya gama shi sai ya tsallako ya tsaya a tsakiyar kantina yana nuna min kayan da ya ce na sayo ne don ido ba don ciniki ba. Na ce ya koma ya gaya wa Mutumin nasa ya zo ya zauna a kanti yini ɗaya, mu ga tsiya. Amma abin da ya fi so shi ne labarin bincike, inda za a kashe wani a rasa wanda ya yi. Nan fa Yaya yake baje kolinsa. Labari bai kai rabi ba zai leƙo daga ƙofar shago, dutsen guga a hannu, ya ƙwala min kira ta tsallaken titi, "Auta! Akawun ne! Ki rubuta ki ajiye!" Masu wucewa su yi ta waige-waige suna neman akawun. Kuma yawanci yakan canka daidai.

Ni a lokacin na ɗauka nishaɗi ne kawai. Sai daga baya na gane awo yake yi wa kansa. Duk labarin da ya riƙe mutanensa kaf, ya san wa ya fita da wa ya shigo, wa ya yi ƙarya a farko, to ya san kansa na nan daram. Kullum da safe Yaya yana sa iyafis ne yana tambayar kansa ko yau ce ranar.

Wata hantsi ina jera sabulu na hango shi ya fito daga shago ya faɗo titi ba tare da ya duba hagu ko dama ba. Wani mai babur ya taka birki ya zage shi tas, ko waigawa bai yi ba. Ya shigo kantina ya tsaya a gabana. Gabana ya faɗi, na ɗauka 'yarsa ce wani abu ya samu.

Ya ce, "Auta, mai gadin nan ba ya mutu ba?"

Na ce, "Wane mai gadi? Na layinmu? Yanzun nan ya sayi ashana."

"Na otal. Na cikin labarin. Na gaya miki an tsinci gawarsa a ɗakin ajiya, ko ban gaya miki ba?"

Ya gaya min kuwa, har ya ce yana zargin mai dafa abinci. Na ce to, sai aka yi yaya?

Ya zauna a kan buhun sabulu, abin da ya san na hana. Ya ce kwanaki ke nan yana ɓoye min. Matar da ke binciken ta tura ƙofar ɗakin ajiya, tana shiga sai ta hau bayanin yadda mutum zai raba albashinsa kashi-kashi. Ya ce a ransa to, ƙila nasiha take yi wa ma'aikatan otal. Can sai ga wanda ya yi kisan yana kuka yana amsa laifinsa, an sa masa ankwa. Bayan nan kuma kowa ya koma neman wanda ya yi kisan, kamar ba a kama kowa ba. Yau kuma, yanzun nan, mai gadin da aka binne ya buɗe ƙofar otal ya ce wa baƙi sannu da zuwa.

"Ina jin kowace kalma, Auta. Muryar Mutumina ce, ban canza komai ba. Amma na kasa jera su. Farko ya koma ƙarshe, matacce yana yawo." Ya ɗago ya dube ni. "Na cakuɗa."

Rabon da in ji kalmar nan a bakin ɗan gidanmu tun ina yarinya. Na tsorata. Ni kuma halina ne in tsoro ya kama ni sai in hau faɗa. Na ce ya tashi min daga kan sabulu, na ce wa ya aike shi cusa wa kansa kashe-kashe tun da safe, na ce tsoho da shi ya zauna ana zuba masa ƙarya a kunne. Ina cikin surfa masa sai na ji ƙauri. Na leƙa, hayaƙi na fitowa daga shagonsa. Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Ya bar dutsen guga kwance a kan labulen mutane, ya ci rami har ya kama bargon tebur. Na zare wayar dutsen gugar daga bango na watsa ruwa. Da na juyo yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ramin, mutumin da bai taɓa ƙona ko hankici ba.

Ya ce, "Kin gani ko? Faɗa min. Kin yi alkawari."

Na ce, "Ba ni abin nan in ji da kunnena."

Na cusa iyafis ɗin. Ga Mutumin nasa da kakkaurar murya, matar bincike tana hawa bene a hankali, hannunta a kan ƙarfen matakala, wani yana numfashi a bayan ƙofa. Ɗan kiɗa ya shigo. Sai muryar nan dai, ba tare da ko tari ba, ta ce, kafin ka sayi abu, ka tambayi kanka ko kana bukatarsa. Innalillahi! Na ce a raina shi ke nan, ni ma ciwon Baba ya kama ni, gida guda za mu tafi. Muka tsaya cikin hayaƙi muna kallon juna tsuru-tsuru, tsofaffi biyu.

Haushi ne ya cece mu. Na fizgo wayar daga aljihunsa, na yage ledar, don in ga fuskar wannan Mutumin da ke neman haukata mu. Sai na ga wasu kibiyoyi biyu da suka gitta juna a ƙasan wayar sun kama haske. Na san su sarai, don ina kunna su a tawa wayar in ina son waƙoƙi su riƙa zuwa ba bisa jeri ba. Ashe garin jingina da tebur ƙirjinsa ya danna su ta cikin leda, wayar ta haɗa babin wannan littafi da na wancan tana jefo masa duk wanda ta ga dama. Mai karatun ɗaya ne, ba ya kuma cewa ga babi kaza, ɗan kiɗa ne kawai sai ya ci gaba. Ta ina bawan Allah zai gane?

Na kashe su, na mayar da labarin farko, na ce ya saurara. Ya saurara a tsaye, ido rufe, har mai gadi ya mutu ya kuma zauna a mace. Bai yarda ba sai da ya kira 'yarsa ya sa ta a lasifika. Ta yi ta dariya ta ce, "Baba, ai maɓallin cakuɗa ka danna."

Ya ce, "Maɓallin me?"

"Cakuɗa. Aikinsa ke nan, ya cakuɗa."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ya zame ya zauna a ƙasa cikin ruwan da na watsa, ya fara dariya har da riƙe ciki, hawaye na zuba, ni ma na zauna kusa da shi muka yi ta yi. Yarinyar tana ta cewa lafiya, lafiya, ba mu iya amsa mata ba. Ita ba ta san Babanmu ba, ba ta san abin da ta faɗa ba.

Daga nan kalmar ta dawo gidanmu da ƙarfinta. In na ba mutum sitaci maimakon sabulu, Yaya ya ce a duba min kibiyoyi. In mai gadin layinmu ya zo sayen ashana, Yaya ya ce masa sannu da dawowa daga lahira, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya sayi sabon labule ya kai wa masu shi da haƙuri, ya rataye ƙonannen a bayan shago yana nuna wa mutane. Na daɗe ban ga Yaya cikin walwala irin ta wannan lokacin ba. Kamar an sauke masa buhun da ya ɗauka tun yana saurayi.

Mun ci shekaru a haka. Sai wata rana wani ma'aikacin ofis da muke kira Mai Kwat, wanda ya daɗe yana kai wa Yaya wanki, ya shigo kantina maimakon shagon. Ya ajiye leda a kan kanta ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hajiya, wandon nan ba nawa ba ne. Ban so in faɗa masa ba." Na ce haba, kuskure ne, wa ya fi ƙarfinsa. Na faki idon Yaya na shiga na musanya. Bayan nan wata malamar makaranta ta zo da zanen gado, ita ma a kantina ta tsaya. Sannan wata safiya ya sayi sitaci, ya koma, bai jima ba ya dawo ya ce in ba shi sitaci, nasa ya ƙare. Na ɗauko wani na miƙa masa.

Tsoro ya zauna min a ciki ya ƙi tashi. Ina awon sukari ina leƙen ƙofarsa. In ya daɗe bai motsa ba gabana ya faɗi, in ya fito ya tsaya yana kallon titi gabana ya faɗi. Na riƙa gaya wa kaina ai kowa yana mantuwa, ni ma sau nawa nake neman gilashina yana bisa kaina. Na lura kuma ya daina ƙwala min kira ya ce wane ne ya yi kisan. Na ce ƙila labaran ne suka yi wuya.

Ranar da abin ya zo, da la'asar ce, rana ta yi sanyi, babu kowa a kanti. Ya tsallako a nutse, har ya tsaya mota ta wuce. Fuskarsa a sake, yana murmushi, wayar a hannunsa cikin leda.

"Auta, 'yar banzar nan ta sake cakuɗa min. Kashe min kibiyoyin nan naki."

Wani daɗi ya ratsa ni. Na ce, "Kai dai ba ka jin magana, na ce ka daina manna ƙirji a tebur." Na kwance ledar ina mita. Na duba ƙasan wayar.

Kibiyoyin a kashe suke.

Na goge fuskar wayar da gefen mayafina na sake dubawa. Na buɗe jerin babin, suna nan a jere, kowanne bayan ɗan'uwansa, kuma littafi ɗaya ne. Na ce, "Me ya faru a ciki?" Muryata ta fito wata iri.

Ya jingina da kanta yana ba ni labari cikin nishaɗi. Wai mutane suna ta shigowa ba a gabatar da su ba. Wai ana ta maganar wani akawu kamar an san shi, shi kuwa bai taɓa jin an ambace shi ba. Na sa iyafis ɗaya a kunne na saurara kaɗan. Labarin tafiya yake sumul. Kuma na gane shi. Shi ne wanda Yaya ya taɓa tsayawa a ƙofar shago ya ƙwala min cewa akawun ne, in rubuta in ajiye.

Babban yatsana yana daidai kan kibiyoyin. Daga inda yake tsaye ba ya ganin fuskar wayar. Dannawa ɗaya ce, su kama haske, in juya masa in ce ga su nan, in kashe a gabansa, mu yi dariya, ya koma shago da murmushinsa. Wallahi na so in yi. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in danna abin nan ba. Sai na tuna idon Baba lokacin da muke ce masa gajiya ce, yadda yake bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai gaya masa gaskiya.

Yaya ya ce, "Yaya dai? Kin kashe?"

Na ɗauke yatsana. Na juya masa wayar.

"Yaya, a kashe suke. Labarin daidai yake tafiya."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya riƙa janyewa. Ya kalli wayar, ya kalle ni. Na ce tunda na fara gara in ƙarasa, na gaya masa na wandon Mai Kwat, da zanen malama, da sitaci. Ina faɗa ina kuka, ina jin haushin kukan, ina share hanci da bayan hannu. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tun yaushe?" Na ce an ɗan jima. Ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ina jin tsoro, Auta."

Na ce, "Ni ma."

Na ce gobe za mu je asibiti, yanzu ba kamar zamanin Baba ba ne, za a duba, ƙila akwai abin da za a yi, kuma zan kira 'yarsa. Ya ce to, za mu je. Ya tsaya yana kallon kayan da ke bayana, har na fara tsoron ko ya manta inda yake. Sai ya miƙa hannu ya nuna kwalin da ke saman kanta.

"Ba ni biron nan."

Na sauko da shi. Shekara nawa ina jiran ranar da zan yi masa tsiya a kan biron nan, ga ranar ta zo, bakina ya mutu.

Ya ce, "Rufe kantin ki zo. Rubutunki ya fi nawa kyau. Ni in faɗa, ke ki rubuta, tun ina sane."

Na ja ƙofa na bi shi. Ya cire dutsen guga daga wuta da kansa, ya duba sau biyu. Ya mayar da labarin farko, ya sa iyafis ɗaya a kunnensa ya miƙo min ɗayan, don haka dole muka tsaya kafaɗa da kafaɗa a bakin tebur, Mutuminsa yana yi mana karatu. Ya riƙa sauko da kaya daga kanta yana juya wuyansu. Wannan na Mai Kwat ne. Wannan na malama. Wannan na mai gyaran babur, ga tabon mai da ya ƙi fita. Wannan yunifom na 'yar mai kemis. Yana faɗa ina rubutawa, da sauri, kamar ana korar mu. Ya tsaya a kan wata shuɗiyar riga ya juya ta gaba da baya, ya shinshina, ya ajiye ta gefe bai ambaci mai ita ba, ni ma ban tambaya ba.

Da kantar ta ƙare na rufe biron. Ya ce, "Saura." Ya je bayan ƙofa ya ciro rigarsa ta fita daga ƙusa, fara, gogaggiya, karin nan a tsaye. Ya shimfiɗa ta a tebur ya juya wuyanta, ya danne da yatsu biyu yadda zan ji daɗin rubutu.

Na ce, "Wannan ai taka ce."

"Na sani," in ji shi. "Rubuta Yayan Auta. Ki sa lambar wayarki a ƙasa, manya-manya, yadda ko a tasha za a iya karantawa."